Hular Baba a Bahar Maliya

Tun da na dawo daga Umara bakina bai huta ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta baje a tabarma ta ce, "Rakiya, wai me ya faru tsakanin Malam Ladan da Habibu a can?" Jiya wata har cewa ta yi ta ji wai kifi ne ya haɗiye Habibu ya amayo shi. Jama'a, ku ji tsoron Allah! To ga labarin daga bakin wadda aka yi a gabanta, kowa ta karanta ta bar ni in gama wa mutane ɗinkinsu.

Wadda ba ta san gidanmu ba, Babanmu shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Bichi tun kafin a haife ni. Habibu kuwa shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ne namiji. Da ya samu gurbin karatu a Makka, Baba har rago ya yanka, yana cewa ya ƙare rayuwarsa yana kiran salla wani na ja, yanzu gidansa ma zai fitar da malami. Yaro ya gama koyon Larabci, maimakon ya shiga ɓangaren Shari'a sai ya faɗa ɓangaren injiniyoyi. Da bakinsa ya gaya wa Baba a waya. Baba ya kashe wayar, kuma bai sake ɗaukar kiransa ba. Innarmu ta riga mu gidan gaskiya, babu mai tausarsa. Ana nan har Habibu ya kusa gamawa, muka ji wai aikin da yake yi shi ne fitar da wutar lantarki daga igiyar ruwan teku. Baba ya ce, "Wuta daga ruwa? Shi ke nan, yaron nan ya taɓu."

Da Allah ya kawo wa Baba kujerar Umara, ni ma na shiga sahu, ranar da za mu tashi ya kira ni zaure ya ce, "Zan je in taho da shi. In ya ƙi biyo ni, ba ni ba shi." Na kira Habibu a ɓoye na gaya masa. Ya ce, "Yaya, in Baba ya ce in bari, wallahi bari zan yi. Ba zan riƙe takardar da babu albarkarsa a kanta ba." Da wannan nauyin na hau jirgi, ga kuma buhun kuka da yaji da daddawa.

Baba tun daga Kano ya ɗaura harami, don kada a wuce miƙati yana barci. Ranar na fara ganin tsakiyar kan mahaifina, domin ko zazzaɓi yake yi da hularsa yake kwanciya. Sanyin jirgi kuwa ya sa shi gaba, yana ta karkarwa, ga shi ba damar rufe kai. Can sai na ga ya duba agogo, ya gyara murya, ya kai yatsa kunne. Na damƙe hannunsa.

"Baba, me za ka yi?"

"Lokaci ya yi, ba wanda ya kira."

"Don Allah Baba, a nan ba a yi."

Kun dai san muryar Baba, ko an ɗauke wuta har bakin kasuwa ake jin sa. Da ya sake ta a cikin jirgin nan, ina jin da matuƙin ma ya waiwayo. Da ƙyar ya yarda ya yi a zuci, yana ta mitar cewa bai taɓa ganin gari babu ladan ba.

A Jidda ni ce na tare layi. Kafin tafiya na sha ƙunshi har gaɓar yatsu, don kada matan Makka su raina ni. Ashe na'urar ɗaukar hoton yatsa ba ta jituwa da lalle. In ɗora, ta yi ja. Ma'aikacin ya ce, "Ya Hajja, marra tanya," wato in sake. Ya ba ni wani abu na goge, na sake, ta yi ja. Mutanen bayana sai tsaki suke yi cikin harsuna iri-iri. Da ƙaramin yatsan da lalle bai kama sosai ba na tsira. Muna zuwa wajen kaya kuma aka ce in buɗe buhu. Bawan Allah ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya yi baya har ya buge da tebur. Wata 'yar Maraɗi da ke kusa da ni ta yi masa bayani da Larabcinta cewa kayan miya ne. Ya dube ni da tausayi ƙwarai, ya bar mini kuka da yaji, daddawa kuwa a nan tafiyarta ta ƙare.

Muna fitowa sai ga Habibu tare da Kawu Idi. Shi Kawu Idi ɗan'uwan Innarmu ne, kakansa ya tafi hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan bai dawo ba, su duk a can aka haife su. Habibu ya yi tsawo, ya rame, rana ta ƙona shi. Ya zube a gaban Baba a tsakiyar jama'a, Larabawa na ratse shi suna kallo, don su ba sa durƙusa wa kowa, goshi suke sumbata. Baba ya ɗaga kai sama ya ce, "Rakiya, ki ce da mutumin nan ya tashi, yana tare wa bayin Allah hanya." Daga ranar na zama tafinta tsakanin uba da ɗa, alhali duka Hausa suke ji.

Maganar Ka'aba ba zan iya ba. Na dai san na yi kuka har na manta duk saƙon addu'ar da kuka ɗora mini, sai a zagaye na gaba na riƙa tuno ku ɗaya bayan ɗaya. Abin da na lura da shi, duk ɗawafin nan Habibu yana bayan Baba ya ware hannuwa yana tare masa turereniya, Baba kuma ya yi kamar bai san da mutum ba. Ana gama aski ya ce in miƙo masa hularsa. Wata tsohuwar hula ce mai ruwan ƙasa, Innarmu ce ta yi masa aikinta da hannunta, duk ta koɗe amma ba ya yarda da wata.

Gidan Kawu yana unguwar Rusaifa a Makka, a saman bene. Babu tsakar gida, babu zaure, shanya ma sai an hau can ƙololuwa. Mutanen gidan in sun yi asuba sai su koma barci har rana ta take, ni kuwa na saba da shara da sassafe, sai in zauna ina kallon bango. Matar Kawu, Hala Zainabu, Hausarta ta kakanni ce an kwaɓa da Larabci. Sai ta ce, "Ke ɗiya, yalla taho ki ci, ful ya yi baridi," wato ya huce. Ful ɗin nan wake ne aka dama shi ya yi lugub, a ci da wani faffaɗan burodi. Ni da na san wake da shinkafa da mai da yaji, sai ga wake a matsayin koko. Da rana shinkafa ce a faranti guda kamar murfin rijiya, kowa ya sa hannu. Ranar da na tuƙa musu tuwo da miyar kuka, duk da babu daddawa, Kawu ya ci yana share hawaye wai ƙamshin ɗakin kakarsa ya ji. 'Ya'yansa mata kuwa suka taɓa da cokali suka ce, "Shukran ya Abla," wato an gode Yaya, suka sulale.

Gahawa ce ta so ta kashe mana Baba. Ana zuba ta ne a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, ga ɗaci. A al'adarsu in ka ƙoshi sai ka girgiza kofin, in ka miƙa shi haka kawai to ƙari kake nema. Baba kuwa a tarbiyyarsa ba a mayar da abin da mai gida ya ba ka. Ya shanye ya miƙa, Kawu ya zuba. Ya shanye ya miƙa, Kawu ya zuba. Kawu na mamakin yadda baƙo ke son gahawa, Baba na mamakin rashin tausayin mai gida. Sai da butar ta ƙare aka rabu, idon Baba ya yi jawur, hannunsa na rawa. Habibu na gefe yana son ya faɗa masa, amma ba shi da izinin magana.

Da kwanakinmu suka fara ƙarewa, wata rana bayan azahar Baba ya tara mu a falo.

"Rakiya, ki gaya masa ya haɗa kayansa."

Habibu ya sunkuyar da kai. Kawu ne ya gyara zama ya ce, "Ya Malam, ni ba zan shiga tsakaninka da waladinka ba. Amma ka zo har nan, ka je ka ga abin da idonka. In ka gani ka ce ya bari, halas, ni da kaina zan ɗaure masa shanta," wato jakarsa. Baba ya so ya ƙi, to amma yana cin abincin mutum yana kwana a ɗakinsa. Ya ce, "Saboda kai, Idi."

Washegari muka shiga motar Kawu muka nufi bakin teku, can gefen Jidda, wata 'yar tashar masunta. Kawu yana tuƙi yana waya yana kuma nuna mana duwatsu da hannu ɗaya, ni dai salati kawai nake yi. Da muka isa Baba ya fito ya tsaya, ya daɗe yana kallo. Mu da ruwan da muka sani bai wuce kududdufi da dam ba. Ya ce, "Rakiya, ina ɗaya gaɓar?" Na ce wallahi Baba ni ma nema nake.

Akwai wata doguwar katanga ta duwatsu da siminti da aka shimfiɗa cikin teku, mai faɗin da mota za ta bi ta kai. Aikinta ta tare igiyar ruwa don kwale-kwalen masunta su samu wurin fakewa. Ta hannun dama teku ce a buɗe, ta hagu kuma ruwa ne kwance inda jiragen ke ɗaure. Mai gadi ya san Habibu, ya bar mu muka bi ta kai har kusan ƙarshe. A nan muka tarar da abin da ya raba uba da ɗa: wani akwatin ƙarfe da bai fi ɗakin girkina ba, an manna shi a jikin katangar, rabinsa a ruwa. A samansa bututu ne mai faɗin bakin tukunya an rufe da raga, gefe kuma sanda da ƙwan lantarki guda.

Habibu ya tsaya kusa da Baba, amma ni ya fuskanta.

"Yaya, ki gaya wa Baba, ƙasan akwatin nan a buɗe yake a cikin ruwa. In igiya ta zo, ruwan ciki sai ya hau, ya turo iskar da ke sama ta fito ta bututun nan. In igiyar ta koma, ruwan ya sauka, ya zuƙo iska ciki. A wuyan bututun akwai fanka, an ƙera ta yadda ko iska fita take ko shiga, gefe guda take juyawa. Ita ke juya ɗan janareto."

Nan take na gane, don haka keken ɗinkina yake: ƙafa ta yi sama ta yi ƙasa, amma tayar keken gaba kawai take yi. Na ce, "Babu fetur?" Ya ce babu. "Babu hayaƙi?" Ya ce babu. Ya ce katangar ma dama tana nan tana shan dukan ruwa a banza, shi ya sa ake so a riƙa gina irin waɗannan ɗakuna a jikinta, ta kare jirage kuma ta ba da wuta. Wannan na gwaji ne, shi da malaminsa da abokan karatunsa suka haɗa.

Na juya zan maimaita, Baba ya ce, "Na ji, ba kurma ba ne ni. Ki ce ya kunna."

To a nan fa aka yi ta. Teku ta kwanta lumui kamar an yi mata guga. Ko ganye ka jefa ba zai motsa ba. Bututu ya yi shiru, ƙwai ya yi shiru. Habibu ya ce dama wannan tekun igiyarta ba ta da ƙarfi, sai iskar yamma ta taso, mu ɗan jira. Muka jira. Rana ta dake mu, hijabina ya manne a baya, Kawu ya ɗora jarida a ka. Habibu sai ya duba waya ya duba ruwa, ya taɓa wannan ya ƙwanƙwasa wancan, gumi na ɗiga ta haɓarsa. Ni kuwa ban taɓa roƙon Allah ya kawo iska da gaske irin na ranar ba.

Can Baba ya ce, "Rakiya, tambaye shi, saboda wannan gwangwanin ya ajiye littattafan Allah da Annabi? Ai aci-balbal ɗin kakarku ta fi shi amfani." Ya kakkaɓe rigarsa. "Na zo, na gani. Ya haɗa kayansa."

Habibu ya ce, "To, Baba." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya durƙusa ya fara naɗe wayoyinsa. Wallahi zuciyata kamar ta tsage, na juya baya don kada ya ga idona. A lokacin na hango wani ƙaton jirgin kaya can nesa ya riga ya wuce, ban kawo komai a raina ba.

Baba dai mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Ya ce, "Bari in leƙa ramin da ya cinye mini ɗa." Ya taka ya sunkuya, ya kafa fuska a kan ragar bututun. Ashe igiyar da jirgin nan ya tayar tana tafe a hankali, sai a lokacin ta iso. Ji muka yi akwatin ya yi wani gurnani, sannan fuuu! Babbar rigar Baba ta tashi ta rufe masa kafaɗa, hula ta yi sama kamar an harba ta, ta wulwula ta faɗa ruwa ta ɓangaren masunta. Fanka ta kama kuka, ƙwai ya kawo wuta tar.

Na daka tsalle ina ihu, "Wuta! Baba, wuta!" Kawu na cewa, "Nur! Wallahi nur!" Baba kuwa ko waiwayowa bai yi ba, ya dafe kai da hannu biyu yana cewa, "Hulata! Hular uwarku!"

Kafin in rufe baki Habibu ya watsar da takalmi ya faɗa ruwa tsulum. Hular ta jiƙe ta fara nutsewa, shi ma ya kifa kai ya bi ta. Ruwa ya rufe, sai kumfa.

A gidanmu babu wanda ya iya ruwa, ba mu kuma san Habibu ya koya ba. Abin da muka sani a Bichi, duk yaron da kududdufi ya rufe wa kai sai dai a nemo masu nutso. Baba ya saki kansa ya yi bakin katanga da gudu. Kawu ya riƙe masa riga, wani masunci ɗan Yaman ya rungumo shi ta baya. Sai Baba ya buɗe muryar nan tasa gaba ɗaya, har tsuntsaye suka tashi daga kan jirage.

"Habibu! Habibu! Na yafe maka! Na yafe maka duniya da lahira! Ka yi karatun ruwanka, Allah ya yi maka albarka, ka fito! Ya Allah, ɗana!"

Masunta suka bar komarsu suka taso. Ni kuwa na zauna daɓas a kan siminti mai zafi. Sai ga kai ya ɓullo can kusa da wani kwale-kwale, da hula a hannu. Ya taho yana iyo a natse kamar agwagwa, ya kama tsani ya hau. Ɗan Yaman ɗin nan ya saki Baba yana dariya, wai ai kullum yaron a ruwan yake, shi ke nutsawa ya kankare ƙasan akwatin.

Habibu ya matse hular, ya zo ya durƙusa, ruwa na zuba daga jikinsa. Ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Yaya, ki ba Baba. Ki ce ya yi haƙuri, yau ɗin nan zan haɗa kayan."

Sai a lokacin muka gane. Duk ihun nan da ya tashi tashar masunta, wanda aka yi dominsa bai ji ko kalma ɗaya ba, yana ƙarƙashin ruwa.

Na dubi Baba. Na ce, "Baba, ni fa na ji. Kawu ya ji. Kifaye ma sun ji."

"Rufe mini baki, sarkin surutu."

Na rufe. Ruwa na ta ɗiga daga rigar Habibu. Na san halin mahaifina, bai taɓa janye magana a gaban mutane ba, kuma ga hanya a buɗe, in ya yi shiru shi ke nan, Habibu ba zai taɓa tambaya ba. Ya karɓi hular da kansa, bai bi ta hannuna ba. Ya juya ta, ya sake juya ta, ya kifa ta a ka a jiƙe, ruwan gishiri na bin kuncinsa, ko ba na gishirin teku kaɗai ba ne, oho.

"Kai Habibu."

Habibu ya ɗago a firgice.

"Ba ka ji abin da na ce ba?"

"Ina cikin ruwa, Baba."

Baba ya gyara zaman hular a kansa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, sai da na matso sannan na ji.

"Da ruwa ya rufe kanka, na roƙi Allah ya dawo mini da kai ko da ba ka san alif ba. Ya dawo da kai. Ba zan tsaya ciniki da Shi ba. Ka zauna ka gama abinka, na yafe, Allah ya yi albarka."

Habibu ya kifa goshi a kan ƙafar Baba yana kuka kamar ƙaramin yaro, Kawu na fyace hanci da jaridarsa, ni kuwa kada ma ku tambaya. Muka ƙara zama muna jiran iskar yamma don Baba ya ga wutar da idonsa. Iska ta ce ba ta san zancen ba. Har muka bar wurin teku ba ta sake motsi ba, ƙwan nan bai ƙara ko ƙiftawa ba.

Da muka dawo gida, dattawan masallaci suka zo yi wa Baba barka da sauka. Ina daga soro ina zuba musu zamzam da dabino na ji Liman yana tambaya, "Malam Ladan, wai da gaske ana samun wuta daga ruwan teku? Ka gani da idonka?"

Baba ya ce, "Ni dai ban gani ba. Amma ɗana ya ce tana kamawa, to tana kamawa."